Ranar da Sallau Katanga Ya Riga Kowa Ihu

A garinmu Kukar Bawa, in ana zancen cika baki, Sallau Katanga ake nufi. Sauran duk 'yan koyo ne. Gajere ne mai tumbi, faci yake yi a bakin tasha, amma bakinsa ya fi famfonsa iska. Ka kai masa taya da hantsi, sai azahar za ka karɓa. Ba aikin ne ya yi masa yawa ba, labari ne.

Labarin kuwa ɗaya ne kullum. Wai a Kano ya yi ƙuruciyarsa. Wai shi ne golan babbar ƙungiyar birnin shekara da shekaru, wai can aka laƙaba masa Katanga don ba abin da ke wuce shi. Wai an taɓa buga masa fenareti ya cafke da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓare gyaɗa. Wai wani ƙaton ɗan wasa daga Ikko ya taɓa narko masa ƙwallo, ya tare da goshi, ƙwallon ta fashe, fus! Sai da aka tsayar da wasa aka aika kasuwa.

"To Baba Sallau, ina hotunan?" in ji matasan tasha.

"Gobara ta cinye."

"Kofunan fa?"

"Na rabar. Me zan yi da kofin da ba a shan koko da shi?"

Abin da ya daɗe yana rufa masa asiri shi ne ƙafarsa ba ta taɓa taka gidan kallon ƙwallo ba. Ya ce ƙwallon talabijin majigi ce, a ɗaki Turawa ke haɗa ta. Filin firamare ma, inda samarin garinmu ke atisaye, ba ya zuwa. Ya ce idonsa ba zai juri ganin ana wulaƙanta sana'arsa ba.

Ana nan ana nan, sai Alhaji Barmo mai taki ya ce zai ɗauki nauyin ƙungiyar garinmu. Riguna, takalma, raga, har da sabon babur fil a leda na koci. Kowa ya san wanda ya cancanta. Sabitu ne, wanda ya daɗe yana fama da samarin nan rana da iska, ba wanda ya taɓa ce masa sannu, usur ɗinsa ma aro ne. Amma da Sallau ya ji ƙamshin babur, sai ya rufe rumfar faci ya tare a zauren Alhaji. Safe labari, yamma labari. Shi kuwa Alhaji mutum ne mai yawan shiru, sai dai ya yi ta gyaɗa kai, ba ka gane inda ya dosa. Ni dai raina ya ɓaci, don na ga alamar za a yi wa Sabitu sakiyar da ba ruwa.

Ran nan Alhaji ya kira Sallau da Sabitu ya ce, "Ranar Asabar za mu shiga Kano mu sayo kayan. Mu ga gari, mu ci abincin birni, da la'asar mu kalli babban wasa. Ku biyun duk ku shirya. In mun dawo zan miƙa babur ga mai shi."

Sallau ya bugi ƙirji, dum! "Kano? Ranka ya daɗe, ai gida za ka kai ni. Ko ɗaure mini ido aka yi sai na zaga da kai lungu-lungu."

Ni Mudi, ni nake jan motar Alhaji. Don haka abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a kan idona aka yi.

Tun daga shiga gari aka fara. Na ce a tambayi hanyar Dutsen Dala, Sallau ya ce tambaya a Kano abin kunya ne ga ɗan gari. Ya dawo gidan gaba ya hakimce, yana nuni da leɓe.

"Hau gadar nan. Sauka. Yi dama. Ƙara dama. Hau."

Muka hau gadar sama muka sauka, ga wata mai awara da jan mayafi a gindin gadar. Muka sha kwana, muka hau gada muka sauka, ga mai awara da jan mayafi. Da muka sake zagayowa har ta fara ɗaga mana hannu.

Na ce, "Baba Sallau, anya ba gadar ɗazu ba ce wannan?"

"Ka ji ƙauyanci! Gadojin Kano ai ɗan kwangila ɗaya ya yi su, duk kamarsu ɗaya."

"To mai awarar fa?"

"'Yan gida ɗaya ne. Na san ubansu."

Sai da Sabitu ya leƙa ta taga ya tambayi wani mai adaidaita sahu, sannan muka kuɓuta. Sallau ya ce dama so yake Alhaji ya more gadar.

A Dala kuwa, ko rabin matakala ba mu kai ba tsohon gola ya fara huci kamar zugazugin maƙeri. Ya zauna daɓas. Ya ce tsohon targaɗe ne ya motsa, wanda ya samu ranar da ya yi tsalle ya kama ƙwallo har ya wuce saman raga. Muka bar shi nan muka hau. Daga sama sai ka ga Kano shimfiɗe iyakar ganinka, rufin kwano na ƙyalli, hasumiyoyin masallatai ko ta ina, motoci ƙanana kamar tururuwa. Birni birni ne, jama'a. Da muka sauko muka tarar ya tsare wani mai sayar da lemo yana ba shi labarin fenareti da gyaɗa, bawan Allah yana ta waige-waige yana neman mai ceto.

Da azahar ta yi muka yi salla, Alhaji ya ce yau ba tuwo ba shinkafa, abincin da bai taɓa ci ba yake so. Sallau ya nuna wani gidan abinci na 'yan Sin mai ƙofar gilashi. Ya ce nan suke cin abinci bayan kowane wasa, mai gidan ma amininsa ne. Ni dai na ji warin sabon fenti tun daga bakin ƙofa, alamar gidan bai daɗe da buɗewa ba.

Muna zama sai wata ma'aikaciya ta zo da faranti. Ta sa ɗan ƙarfe ta ajiye wa kowa wani farin abu a naɗe, yana tururi, ga ƙamshi. Muka tsaya kallon-kallo.

Alhaji ya ce, "Katanga, mene ne wannan?"

"Alkubus ɗin 'yan Sin ke nan, ranka ya daɗe. Da zafinsa ake ci."

Ya ɗauka ya kai baki, ya gartsa. Ya ja. Abu ya ƙi. Ya sake dannewa da turame ya finciko, sai abu ya warware ya zubo masa har ƙirji. Ashe ɗan tawul ne na goge hannu! Ma'aikaciyar ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa.

Kuna tsammanin Sallau ya ji kunya? Ina! Ya zaro tawul daga baki, ya duba shi ciki da bai, ya gyaɗa kai.

"Madalla, wankakke ne. Haka muke gwada tsabtar gida kafin mu ci. Ku goge hannunku, ba komai."

Da aka kawo taliya da 'yan sanduna bibbiyu, ya ce na sakace ne. Ya soke ɗaya a bayan kunne, ya naɗe hannun riga ya zuba hannu.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Ikon Allah. Tafiya da masani daɗi." Ya faɗa ba dariya ba murmushi. Na dubi Sabitu na ga ya sunkuyar da kai yana juya taliya da cokali. Na ce a raina shi ke nan, babur ya tafi.

Muka biya kasuwa muka loda kayan ƙungiya a but ɗin mota, sannan muka nufi babban filin wasa. Tun daga nesa kake jin ganguna. Jama'a kamar an buɗe ramin gara. Masu gurasa, masu rake, masu ruwan leda, masu sayar da tuta, kowa na ƙwala kira. Ƙungiyar gida jar riga take sawa, baƙi kuma fara. Sallau ya sayi jar riga a bakin ƙofa ya cusa kansa ciki, ta tsaya masa a saman cibiya. Yana tafe yana ɗaga wa masu tsaron ƙofa hannu, yana kiransu da sunayen da ba nasu ba.

Tikitinmu ya jefa mu tsakiyar magoya bayan gida, ɓangaren makaɗa, kusa da ragar gabas. Shugabansu wani ƙato ne da ake kira Gwarama, ya shafe rabin fuskarsa da jan fenti, ga lasifika rataye a wuya. Ko zama ba mu yi ba Sallau ya gabatar da kansa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Yaro, ba ka gane ni ba ko? Katanga ne! Ni na tsare muku ragar nan tun kana cikin zanin goyo."

Gwarama ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban ji sunan ba, Baba. Amma tsohon ɗan wasa ubanmu ne. Kai, ku matsa wa Baba! A ba shi gaba!"

Aka tashi wani aka ba Sallau wuri a sahun farko. Aka kawo masa ruwan sanyi. Makaɗa suka ɗan taɓa masa ganga. Ya waiwayo ya dubi Alhaji, ya dubi Sabitu, ya kumbura kamar fanke a mai.

Alƙalin wasa ya busa usur, aka take.

To ni a bayansa nake, kuma shi nake kallo fiye da wasan. Abin da na lura shi ne Sallau ba fili yake kallo ba, mutane yake kallo. In sun miƙe ya miƙe. In sun ce "Kash!" ya ce "Kash!" In sun zagi alƙali ya zagi alƙali har da kakansa. Sai dai kullum a makare yake, kamar mai bin liman daga sahun waje. Har akwai inda kowa ya gama ihu ya zauna, sannan muryarsa ta fito ita kaɗai.

Can sai masu jar riga suka kwaso ƙwallo suka nufo ragar gabas. Wannan ya ba wancan, wancan ya ɗago ta, wani dogo ya sa kai. Raga ta girgiza! Fili ya kece. Ganguna, ƙaho, ruwan leda a sama, wanda ba ka sani ba ya rungume ka. Ɗaya da nema. Sallau ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya daka tsalle shi ma.

Da ƙura ta lafa sai Alhaji ya sunkuyo ya ce masa a hankali, "Katanga, ya na ga kullum sai an gama ihu kake farawa? Sabitu kuwa tun ƙwallon na sama ya miƙe."

Maganar nan ta soki Sallau. Na ga kunnensa ya motsa. Ya ƙura wa ragar gabas ido, yana gyaɗa kai kamar mai haddar karatu. Ya gano bakin zaren a ganinsa: ƙwallo in ta shiga wannan ragar, ihu ake yi. To daga yanzu ba mai sake riga shi.

Ba a jima ba alƙali ya busa dogon usur, 'yan wasa suka nufi ɗaki. Sallau ya miƙe ya kaɗe wando.

"To Alhamdu lillahi, mun ci. Mudi, je ka juyo da mota kafin cunkoso."

Sabitu ya ce, "Baba Sallau, ai hutun rabin lokaci ne."

"Na sani mana! Ni za ka koya wa? Gwada ka nake yi." Ya gyara rigarsa da ta naɗe, ya ɗaga murya don Gwarama da mutanensa su ji. "Bari in shiga wajen yaran nan in ɗan gyara su. Akwai abin da zan ba golanmu."

Ya sauka ya ɓace cikin jama'a.

To kun san al'adar ƙwallo, wadda ko jaririn goye ya sani: in aka dawo daga hutu, canza gida ake yi. Ragar da ka kai wa hari ɗazu, ita za ka tsare yanzu. Aka dawo, golan masu jar riga ya zo ya tsaya a ragar gabas, aka ci gaba da wasa. Sallau bai ga wannan ba, ba ya nan. Da ma yana nan ɗin, ban ce zai gane ba.

Sai da wasa ya yi nisa ya dawo, leɓensa na ƙyallin mai, ga garin ƙuli-ƙuli a gashin baki. Ya zauna yana sakace da sandar 'yan Sin.

Alhaji ya ce, "An gana?"

"An gana, ranka ya daɗe. Na shiga har ciki. Na ja golan gefe na raɗa masa abin da zai yi. Ka zuba ido kan ragar nan, yanzu za ka ga aikina."

Gwarama ya ji, ya ɗaga masa babban yatsa.

Baki shi ke yanka wuya. Bai rufe baki ba sai ga masu farar riga sun kwaso ƙwallo a guje sun nufo gabas. Mutane suka dafe kai. Sallau kuwa ya ɗaga ɗuwawu daga kujera, ya dunƙule hannu, ya shirya. Wani siririn baƙo ya yanke mai tsaron baya, ya ɗana ta. Golanmu ya tafi dama, ƙwallo ta tafi hagu. Raga!

Fili ya mutu. Ko tari ba ka ji. Dubban mutane, kowa ya yi zuru.

Sai murya ɗaya tal ta tsaga shirun nan.

"Ta shigaaa! Ta shiga! Aikina ne! Wallahi aikina ne!"

Sallau ne a saman kujera. Ya cire hula ya wurga sama. Ya juya ɗuwawu yana tiƙar rawa, tumbi na tsalle a ƙarƙashin jar riga. Ya kama kan Gwarama ya sumbaci fentin. Ya nuna Alhaji da yatsa.

"Ka gani ko? Wa ya riga kowa yanzu? Ni na gaya wa golan abin da zai yi, ga shi ya yi! Ku buga ganga mana! Me kuke jira?"

Ba wanda ya buga ganga. Ni dai na fara karanto duk addu'ar da na iya, ina duba hanyar fita.

Ledar ruwa ta farko ta sauka a ƙeyarsa, fal! Ta biyu a kunne. Sai ɓawon rake, sai takalmi. Wani daga sama ya ƙwala, "Ɗan leƙen asirin baƙi ne!" Wani ya ce, "Da kunnena na ji ya ce zai ba golanmu wani abu!" Wani ya ce, "Asiri ya kai masa! Ya sayar da mu!" Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe. Gwarama ya sa hannu ɗaya ya cafki wuyan jar rigar, ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa na wutsil-wutsil.

Sallau ya ce, "Lafiya? Ba mu muka ci ba? Ba ragar ɗazu ba ce?"

Wallahi duk haushinsa da nake ji, sai da ya ba ni tausayi. Sabitu ne ya kutsa tsakiya ya ɗaga hannuwa, har ya sha ledar ruwa ɗaya a madadinsa.

"Don Allah ku tsaya! Baƙonku ne, tare muke! Ba mugu ba ne, bai san an canza gida ba ne!"

Gwarama ya dubi Sabitu, ya dubi abin da ke hannunsa. Ya sauke shi a kan kujera, amma bai saki rigar ba.

"Malam, kar ka raina mana hankali. Mutumin da ya tsare raga shekara da shekaru ne bai san ana canza gida ba?" Ya juya ga Sallau, idonsa ya fi fentin ja. "Baba, magana biyu ce. Ko dai kai tsohon gola ne da gaske, ka san abin da kake yi, ka shiga ka lalata mana yaro. To in haka ne, yau a buhu za a kwashe ka. Ko kuma ba ka san ƙwallo ba, mu yafe maka don furfurarka. Zaɓi ɗaya, jama'a su ji."

Ya cire lasifika daga wuya, ya kunna, ƙiiii, ya kanga masa a baki.

Sallau ya dubi Alhaji. Alhaji ya harɗe hannu yana kallonsa, yana jira. Ya dubi jama'a, ya ga dunƙulallun hannuwa iyakar ganinsa. Ga babur, ga buhu. Gumi ya wanke shi. Ya haɗiye yawu, muƙut, lasifikar ta ɗauka kowa ya ji.

"Wato... a gaskiya... mu a zamaninmu, ba a..."

Wani makaɗi ya ɗaga gangarsa sama da hannu biyu, ya saita kan Sallau.

"Jama'a ku yi wa Allah da Annabi!" Muryar Sallau ta karaɗe ɓangaren nan kaf, har 'yan sandan bakin fili suka waiwayo. "Ban taɓa tsaron raga ba! Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba sai yau! Kanon ma sau ɗaya na taɓa zuwa, rakiyar mara lafiya! Golanku ko sunansa ban sani ba! Ɗazun nan wajen mai gurasa na je!"

Sai wani ya tuntsire daga baya. Shi ke nan, dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Waɗanda suka ɗaga takalma suka zauna suna riƙe ciki. Gwarama ya saki rigar ya durƙusa yana dukan ƙasa, hawaye na wanke masa fenti. Makaɗa suka ɗauka nan take, jama'a na amsawa da tafi: "Yau ya fara! Baba yau ya fara!" An manta ma da cewa an farke mana ƙwallo.

Alhaji Barmo kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro waya, ya juya wajen Sabitu.

"Koci, kira mini shugaban tashar garinmu. Ka ce ya tara 'yan majalisar bakin tasha, ya buɗe muryar wayar."

Sabitu ya kira. Muna jin hayaniyar bakin tashar Kukar Bawa ta cikin wayar, ana ta cewa "Ku zo, ku zo, Alhaji ne daga Kano." Alhaji ya karɓa, ya kara ta a bakin lasifikar Gwarama, ya dubi Sallau cikin ladabi.

"Katanga, daure ka maimaita. Mutanen gida ba su ji ba."